Kilim mai bututu yana warin danshi, baƙi-baƙi ya hito bakin raga: jabel za a hesa ko mi?

Hajiya barka da wuni, ya gida, ya jikin yaron. Na karanta tambayarki, kin ce gidan da kuke haya nan Yamai kilim ɗinshi irin wanda ke ɓoye cikin filafon ne, bututu na raba sanyi ɗaki ɗaki, kun yi tahiya cikin damana kun kulle gida, da kuka komo kuka kunna sai warin danshi ya cika ɗaka, ga baƙi-baƙi ya hito gewayen ragar da iska ke hitowa, ƙaramin ɗanki kuma ya kama tari da dare. Wani ya ce ki hesa jabel cikin ramin, wata ta ce turaren wuta ya isa, shi ne kike tambaya wanne ne daidai. Ni aikin sanyi nike yi, firigo da kilim, kuma irin wanga kira kowace shekara daga Agusta zuwa Oktoba muna samunshi. Amsar gajere ita ce babu ko guda cikin biyun. Ki kashe na'urar tukuna, yaron ya koma kwana wani ɗaki da fanka, sannan a nemo inda ruwa ke kwanciya, don hunhuna ba ta zama wurin da ba ruwa, kuma in an wanke ta ba a tsaida ruwan ba wallahi kahin wata guda ta komo.

Amma ki fara tabbatarwa hunhunar ce, don ba kowane baƙi ba ne. Garinmu ga ƙura, ga hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro, ga na gawayin shayi, duk suna liƙewa gewayen raga su yi baƙi saboda iska na bugun wurin kullum. Ki samu tsumma fari mai ɗan laima ki goga. Ƙura da hayaƙi suna gogewa su bar wurin sumul kuma ba su da warin danshi. Hunhuna ɗigo ɗigo take hitowa, wani lokaci da ɗan gashi gashi, baƙa ko kore ko fara, tana da yauƙi in da laima, kuma warin nan da kika ji shi ne babbar shaida. Akwai wata dubara, ki ɗiga ruwan jabel da aka sirka kan ɗigon da ke bisa roba ko fenti, in hunhuna ce cikin minti ɗaya ko biyu za ta yi haske, in datti ne yana nan yadda yake. Kar ki ɓata kuɗi wurin neman a gwada miki wace iri ce, launi ba ya faɗin haɗarinta, kuma ko wace iri ce aikin guda ne, a cire ta a busar da wuri.

To ruwan daga ina, tunda ba wanda ya zuba? Kin ga kwalbar ruwan sanyi in kin hiddo ta daga firigo kin aje, yadda jikinta ke jiƙewa, ruwan nan ba daga ciki ya hito ba, danshin da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Cikin kilim akwai tiyon jan ƙarfe da siraran faranti na alminiyom da muke ce ma ebaporate, sanyinshi na sauka wajen digiri 5 zuwa 10, iskar ɗaki na ratsa shi, donk duk danshin da ke cikinta nan yake sauka, ya ɗiga cikin wani faranti da ke ƙasa, ya bi tiyo ya hita waje. Cikin watan Maris da Afrilu iskar Yamai ta bushe ƙamas, danshinta na iya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, tiyon nan da ƙyar yake ɗiga. Amma da damana ta kankama, Yuli Agusta Satumba, kilim guda na iya hidda litoci da dama na ruwa cikin wuni. Sai ki haɗa da ƙurar hunturu da ta bazara da ta taru cikin na'urar wata da watanni ba a wanke ba, ita ce abincin hunhuna, don ƙurar gida ba ƙasa kaɗai ba ce, akwai zaren tufafi, saɓar fatar mutum, maiƙon girki. Irin hunhunar kuma yana cikin iska ko'ina, ba mai iya hana shi shiga gida. Ruwa da ƙura da duhu da ɗumi sun haɗu, shi ke nan. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 in ana so kar ya yi hunhuna, kuma danshin cikin ɗaki ya zauna ƙasa da kashi 60 cikin 100, mafi kyau tsakanin 30 da 50. Ku kuwa kun kashe na'ura da ruwa kwance cikinta kun rufe gida makonni cikin tsakiyar damana. Can Amurka gidaje da yawa bututun nan guda ne ke kai iska mai sanyi lokacin zahi ya kai mai zahi lokacin ɗari, iskar zahin tana ɗan busar da shi, mu nan ba mai kunna zahi, namu sanyi ne kawai.

Yanzu inda nike so firigoris ɗin, wato mai gyaran kilim, da za ki kira ya duba, kuma ki tsaya kanshi ya duba ɗin, kar ya zo ya wanke filtir ya goge raga ya amshi kuɗi ya tahi. Na farko tiyon hidda ruwa. Shi ne ya fi yawan laihi, laka da yauƙi na toshe shi, zanzaro na gina ɗaki bakinshi na waje lokacin da ba ya ɗiga, wani lokaci mai aikin da ya sa shi bai ba shi gangara ba, ko ya lanƙwashe ya yi ciki ruwa na kwanciya tsakiya. A zuba ruwa cikin farantin da gangan a je waje a ga ya hito, in bai hito ba an samu ɓarawon. Irin naku na filafon kuma yawanci yana son sifo, wato ɗan lanƙwasa mai riƙe ruwa bakin tiyon, don fankar na tsotsar iska, in ba sifo sai ta riƙa jan iska ta cikin tiyon ta hana ruwa sauka, faranti ya cika ya yi ambaliya cikin filafon, kuma gidaje da yawa na shiga na tarar ba a sa shi ba sam. Wasu na da ɗan famfo mai tura ruwan, shi ma yana mutuwa shiru ba wanda ya sani.

Sannan rigar bututun. Bututun na ɗauke da iska mai sanyi yana ratsa cikin filafon da ke ƙarƙashin tol ko dal mai zahin gaske, dole a naɗe shi da abin hana zahi, in ɓeraye sun yage rigar ko salatif ɗin mahaɗa ya saki, wurin zai riƙa jiɓi ta waje yana ɗiga bisa filafon. In kin ga tabo mai ruwan ƙasa bisa filafon daidai inda bututu ya bi, ga dalili nan, ko kuma rufin ne ke yoyo, a duba duka biyun. A duba kuma hanyar da iska ke komawa cikin na'ura, in akwai ɓula tana tsotso iskar cikin filafon mai ƙura da danshi tana watso muku. Akwai kuma laihin da ba na ƙarfe ba ne, na hannu ne. Mutanenmu na son 16 bisa telekomand, kuma 16 ɗin nan ba ta sa ɗaki saurin sanyi, sai dai ta sa raga ta yi sanyi ƙwarai, da an buɗe ƙofa iskar damana ta shigo ta taɓa ta sai ta jiƙe, shi ya sa baƙin ke farawa bakin raga. Haka kilim da ya fi ƙarhin ɗaki, mutane na ganin alheri ne, alhali yana sanyaya ɗaki cikin ƴan mintoci ya tsaya bai samu lokacin tsotse danshi ba, ɗaki ya yi sanyi amma da laima, tufafi cikin armuwar su kama wari. Ga ɗaukewar wuta, na'ura na cikin aiki jiƙe sharkaf wuta ta tahi, ta zauna awoyi haka cikin ɗumi.

Abu na gaba shi ne ya fi muhimmanci wurin kuɗi, da mi aka yi bututun naku. In tol ne zalla ta ciki, rigar tana waje, alhamdulillahi yana wankuwa, don hunhuna ba ta cin ƙarfe, ƙurar da ke bisanshi take ci, a kankare ƙurar da buroshi a tsotse ta da aspirate a goge da ruwan omo a busar, ya koma lafiya. In kuwa irin mai laushin nan ne mai waya naɗe ciki da ke miƙewa yana lanƙwashewa, kuma hunhuna ta shiga cikinshi, ni ban ba da shawarar wanki, lungunanshi sun yi yawa kuma buroshi na yaga shi, a yanke a sa sabo, ba shi ne mai tsada ba cikin kayan. In kuma akwai audugar gilas ɗin nan mai ƙaiƙayi ta ciki, ko akwatin da ke bakin na'ura da ita aka liƙe shi, kuma ta jiƙe ta yi hunhuna, wannan ba ta da magani sai cirewa, EPA ma haka ta ce, ba ta wankuwa, a hidda a sa sabuwa. Duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai hesa mata ta warke, yana so ya sauƙaƙa ma kanshi aiki ne, saiwar hunhunar na can cikin audugar inda magani bai kai. Haka allon filafon na filatir ko na katako da ya sha ruwa ya yi baƙi, a yanke wurin a canza, kar a shafa fenti bisa, fentin zai ɓare ta sake hitowa.

Abin da za ki iya yi da kanki ko ki sa yaran gida manya su yi, a kashe wutar kilim ɗin daga dijonkte ba telekomand kaɗai ba, a buɗe tagogi, a sa takunkumi mai kyau irin FFP2 ko N95 da safar hannu, a kwance ragogin a hitar da su tsakar gida a wanke da omo da buroshi a shanya su rana su bushe sarai, filtir ma haka. Ma'aunin da EPA ta bayar shi ne in wurin da ya yi hunhuna bai kai kamar mita ɗaya faɗi da tsawo ba mutum na iya yi da kanshi, in ya wuce haka ko yana can cikin bututu, aikin masu sana'a ne. Mai asma da mai ciki da tsoho kar su tsaya wurin. Kuma kar a kankare ta a bushe, a ɗan jiƙa ta tukuna don kar irinta ya tashi cikin ɗaki.

Shi kuma firigoris ya rufe kayan ɗaki da leda, ya toshe bakin sauran ragogi kahin ya fara, ya wanke ebaporate da sabunin da aka yi don shi ya ɗauraye, ya hidda farantin ruwa in yana hita ya wanke, ya busa tiyo, kuma ya kai hannu ga turbin, fankar da ke tura iskar, don nan ne baƙin ya fi taruwa kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa saboda kwance ta na da wuya. Ki ce ya ɗauko miki hoto da waya, kahin da bayan aiki, na cikin bututu da na turbin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In an gama a bar fanka kaɗai tana aiki ba sanyi, tagogi buɗe, har komi ya bushe kahin a rufe.

Zancen jabel, ina so ki ji ni da kyau don nan ne ake jin ciwo. Jabel na da amfani bisa karo da roba da abin da ruwa bai shiga, bayan an wanke da sabuni, kuma a sirke, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kar a wuce kofi ɗaya cikin galan ɗaya na ruwa, wajen lita 4 ke nan. Amma hesa shi cikin ramin bututu ba ya kai inda abin yake, yana cin alminiyom da tol ya sa su tsatsa, ruwan da ke cikinshi ya ƙara jiƙa audugar, in kin kunna kuma na'ura ta watso muku warinshi cikin huhu, yaro mai tari shi zai fara wahala. Kuma don Allah kar a taɓa haɗa jabel da binegar, ko da asid ɗin wanke masai, ko da abin da ke da amoniyak, haɗin na hidda iska mai guba da ke iya kai mutum asibiti cikin ɗaki rufe. Mata da yawa na haɗawa da niyyar ƙara ƙarhi, ki gaya ma mai aikinki. Turaren wuta kuwa ina sonshi kamar kowa, amma wari kawai yake rufewa, hayaƙinshi na bi ta cikin na'ura ya liƙe bisa ebaporate mai laima ya ƙara kama ƙura, in za ki yi turare ki kashe kilim ki bari hayaƙin ya lafa.

Za a iya kawo miki tallan fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, da ake sawa cikin na'ura. Tana aiki bisa abin da haskenta ke bugu kai tsaye, ebaporate da faranti, ba ta wanke dattin da ya riga ya taru, ba ta gyara tiyo, kuma haskenta na ɓata ido da fata in an kalla, donk ƙari ce bayan gyara in da hali. Na'urar ozon kuwa, wadda ake tallanta don kashe wari, ki bar ta, ozon na ƙona hanyar numfashi, ban yarda da ita gidan da yara ke kwana ba.

Yaron ki kai shi likita, kar ki jira a gama aikin filafon, kuma ki faɗa ma likitan zancen hunhunar da lokacin da tarin ya fara. Ni ba likita ba ne, kuma damana lokacin masassarar cizon sauro da mura ne, ba kowane tari ba ne na kilim. Amma hukumar lafiya ta duniya OMS ta hidda jagora a 2009 kan danshi da hunhuna cikin gidaje, ta nuna masu zama gidan da ke da su sun fi kamuwa da tari, shaƙewar ƙirji da tashin asma. Ki lura ko tarin na sauƙi in ya kwana wani wuri, wannan bayani ne da zai taimaki likita. In numfashinshi na hita da ƙara ko haƙarƙarinshi na shiga ciki in ya ja iska, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Akwai wata irin hunhuna da ake kira Aspergillus, ga mai lafiya yawanci ba ta komi, amma ga wanda garkuwar jikinshi ta yi rauni ko wanda ya taɓa tarin TB ya bar mishi rami cikin huhu tana iya zama ciki, in kuna da irin wannan mutum gida a nisanta shi da ɗakin har a gama. In kuma an tarar da kashin jemage cikin filafon, shi ma a jiƙa shi kahin a kwashe, da takunkumi, don yana iya ɗaukar wata hunhunar mai kama huhu.

Wani abu da ban san ko kuna da shi ba amma gidajen Yamai da Tawa da yawa na da, imidifikate, na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa. Cikin bazara abin kirki ne, yana cin wuta kaɗan kuma busasshiyar iska yake so. Da damana ta sauka ya zama mai ƙara ruwa cikin iskar da ta riga ta ƙoshi, sanyin ma ba ya yi, kuma in ana kunna shi falo kilim na aiki ɗaki, kilim ɗin ne ke kwashe duk ruwan nan. A zubar da ruwan tankinshi, a wanke, a busar da ciyawar ko kwalin da ke jiƙewa, in ta yi baƙi a canza, a aje shi sai iska ta bushe. Gidajen da ruwa ya taɓa shiga kuwa, kamar unguwannin bakin kogi da ambaliyar 2020 da ta 2024 suka shafa, bango na riƙe laima watanni, can ko siplit ne na bango sai an riƙa dubanshi akai akai, kuma na'urar da ruwan ambaliya ya shiga cikinta kar a kunna sai ma'aikaci ya buɗe ya gani.

Bayan gyara, ki riƙa barin telekomand tsakanin 24 da 26, cikin damana ki yi amfani da alamar ɗigon ruwa, ita ce ta tsotse danshi, ƙofa da taga rufe in yana aiki, kar a shanya wanki cikin ɗakin. Filtir a wanke kamar kowane sati biyu lokacin ƙura, babban wanki kuma sau biyu a shekara ya fi dacewa da garinmu, guda bayan hunturu kahin zahi, guda kahin ruwa ya sauka ko bayan ya ɗauke. Kahin ki kashe na dogon lokaci, musamman in tahiya za ku yi, ki mai da shi fanka kaɗai kamar awa guda ya busar da cikinshi, wasu na'urorin na da maɓallin da ke yin haka da kansu. Ki bar ma wani amintacce makulli ya riƙa buɗe gida ranar da rana ta hito. Ƴar na'urar auna danshi ba ta da tsada, ki rataya guda ɗakin yara, in ta daɗe sama da 60 kilim na aiki to akwai abin da bai daidai ba. Ki riƙa leƙa bakin tiyon waje ma, cikin Agusta kilim na aiki tiyo bai ɗiga, ruwan na zuba wani wuri cikin gida.

Tunda haya kuke, ki ɗauki hoton baƙin da tabon filafon yau kahin a taɓa komi ki tura ma mai gida ko wakilinshi. Wankin filtir da kula ta yau da kullum bisa al'ada na mai zama ne, amma tiyon da aka sa ba gangara, sifon da babu, rigar bututu da ta yage da rufin da ke yoyo gyaran gini ne, ki duba takardar hayarku ku zauna ku daidaita wa zai biya mi, kuma ya fi kyau firigoris ɗin ya yi mishi bayani da bakinshi ko ya rubuta abin da ya gani. In kin samu hoton cikin bututun ki turo, daga nan zan iya gaya miki ko na wankewa ne ko na canzawa. Allah ya ba yaron lafiya.